Jinjina ga Masu Nutso a Matan Fada

A gandun ruwa na Ras Muhammad da ke Masar, masu yawon buɗe ido kan goya tulun iska a baya, su sa tabarau, sannan su nutsa kallon kifin shak. Masuncin Argungu ba shi da ko ɗaya. Kayan aikinsa homa biyu ne da gora, sai numfashin da ya riƙe a ƙirji.

A bikin kamun kifi na Argungu, da an harba bindiga, dubban masunta ke rugawa su faɗa kogin Matan Fada. Nan da nan ruwa ya dagule, ido bai da amfani, sai lalube. Gwani kan bar goransa yana yawo a sama, ya nutse har ƙasa yana neman giwan ruwa, kifin da kan fi mai kamunsa nauyi. Kifin da ya ci gasar 2020 ya kai kilo 78.

Bikin ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya, yabon da, a gaskiya, ya makara.