Nazarin Jigo da Nau'i a Adabin Jama'a: Giɓin da ke Cikin Manhajar Jami'a

1.0 Gabatarwa

Wannan sashe zai yi tsokaci ne a kan yadda ake koyar da adabin jama'a a jami'o'inmu, wato littattafan da talakawa ke saye da kuɗinsu su karanta don nishaɗi. Ɗalibin da ya tashi a unguwa irin Hausari ta Maiduguri, inda Hausa da Barbarci ke gogayya a bakin titi, Ingilishi kuma a aji, yakan iso jami'a ya riga ya karanta irin waɗannan littattafai cikin harsuna biyu. Manhaja kuwa sai ta raba masa su gida biyu.

2.0 Inda Matsalar Take

A fagen Ingilishi, tun 1973 Emmanuel Obiechina ya fitar da nazarinsa a kan ƙasidun kasuwar Onitsha, ya tabbatar da cewa adabin kasuwa abin nazari ne. A wannan fage akan bambance nau'o'i: labarin soyayya, da na binciken laifi irin na James Hadley Chase, da na gargaɗi. A fagen Hausa kuwa, an daɗe ana tattara komai a ƙarƙashin laƙabi guda, wato "littattafan soyayya" ko "Adabin Kasuwar Kano", sunan da Ibrahim Malumfashi ya yayata, Abdalla Uba Adamu kuma ya ƙalubalanta a muhawarar shekarun 1990.

Illar laƙabi guda ita ce yana rufe ido. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990) labarin matar da miji ya kora ne da 'ya'yanta bayan ya yi amarya. Jigonsa zalunci ne a gidan aure da sakayya. Wa Zai Auri Jahila? na marubuciyar kuma yana magana ne a kan auren dole da ilimin 'ya mace. Ɗalibin da aka koya wa cewa duka soyayya ce, zai rubuta kundin digiri bai taɓa zuciyar littafin ba.

Na biyu, raba harsunan biyu ya saɓa wa tarihi. Jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan, wanda ya fara fitowa a 1977, ya ƙunshi The Undesirable Element na Mohammed Sule, ɗan Kano. Matasan da suka karanta shi a sakandare su ne tsarar da ta rungumi So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed (1980) da Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed. Makaranci ɗaya ne, harshe ne ya bambanta.

3.0 Shawarwari

Ya kamata a samar da kwas guda na kwatance wanda sassan Ingilishi da na Hausa za su yi tarayya a kansa. A ɗora The Undesirable Element gefen In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, a tambayi ɗalibi yadda kowane ya sarrafa jigon dukiya da aure. A fara koyar da nau'i kafin jigo, domin nau'i ne ke bayyana abin da makaranci ke tsammani, da inda marubuci ya bi ko ya kauce. Sa'annan a tanadi littattafan a ɗakunan karatu, domin da yawansu marubutan ne suka buga da kansu a takarda mai araha, kuma samunsu yana ƙara wuya kowace shekara.