Daga Ramin Cavern Zuwa Filin Shea: Nazari A Kan Ɗaukakar Makaɗan Beatles, 1957 Zuwa 1966

Cikin dukan ƙungiyoyin makaɗa da suka fito a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da wuya a sami wadda aka yi rubutu a kanta kamar ƙungiyar samari huɗu na birnin Libaful, waɗanda ake kira Beatles. Amma yawancin abin da aka rubuta labarin sa'a ne: ga yaran unguwa suna kiɗa a wani rami, ga wani mai kanti ya gan su, ga duniya ta buɗe musu. Wannan labari yana da daɗin ji, sai dai bai amsa tambayar da ta fi damun mai nazarin waƙa ba, watau, me ɗaukaka ta yi wa kiɗan kansa? Abin da wannan takarda ke nufin nunawa shi ne, gwanintar Beatles a gaban jama'a kaɗan aka gina ta, jama'ar da ke kusa har makaɗi na ganin fuskokinsu. Da jama'ar ta yi yawa ƙwarai, sai yawan nan ya kashe irin kiɗan da ya tara ta, ya tilasta wa makaɗan su ƙago wani iri dabam.

I. Makarantar gidan rawa

Asalin ƙungiyar daga John Lennon ne, wanda tun yana ɗan makaranta ya tara abokansa suka kira kansu Quarrymen. Ranar 6 ga Yuli 1957 ya haɗu da Paul McCartney a wajen wani biki na cocin unguwar Woolton, George Harrison kuma ya shigo a 1958. A lokacin nan ba su fi sauran yaran Libaful da kome ba. Kwaikwayo suke yi, suna sauraron fayafayan Amurka, musamman na mawaƙa baƙar fata irin su Chuck Berry da Little Richard, suna ƙoƙarin fitar da abin da suka ji a kan jitarsu.

Abin da ya raba su da tsararrakinsu ya faru ne a Hambag ta ƙasar Jamus. A watan Agusta 1960 suka tafi can su biyar, har da Stuart Sutcliffe mai jita mai kaurin murya da Pete Best makaɗin ganga, aka ɗauke su aiki a wani gidan rawa mai suna Indra, daga baya aka mai da su Kaiserkeller. Masaukinsu wani ɗan ɗaki ne a bayan allon wani gidan siliman unguwar. Sukan yi kiɗa sa'a huɗu zuwa shida a dare guda, kusan kullum, masu sauraro kuwa ma'aikatan jirgin ruwa ne da mashaya da 'yan dare, da yawansu ba sa jin Ingilishi sosai. Daga 1960 zuwa 1962 sun je Hambag sau biyar.

Ya kamata a tsaya a duba abin da irin wannan aiki yake koya wa makaɗi. Na farko, wanda zai cika sa'a shida dole ya haddace waƙoƙi masu yawa iri-iri, masu zafi da masu sanyi, na rawa da na bege, kuma dole ya iya jan waƙar minti uku ta kai minti goma ba tare da an gaji da ita ba. Na biyu, tun da kalmomin ba su isa kunnen mai sauraro ba, sai nauyin ya koma kan kiɗa da murya da motsin jiki. Na uku, wanda ya fi duka, hukunci nan take yake zuwa. In waƙa ta yi armashi, mutane su tashi rawa. In ta yi lami, su juya baya su ci gaba da hirarsu, mai gida kuma ya ɓata rai. Duk wanda ya san yadda makaɗan jama'a suke koyon sana'arsu a dandali da gidajen biki zai gane wannan makaranta, don babu littafi cikinta, jama'a ce malamar.

Da suka komo gida sai aka ga bambanci. Daga Fabrairu 1961 zuwa Agusta 1963 sun yi wasa kusan sau 300 a Cavern, wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a titin Mathew, mai zafi da ƙarancin iska, inda akawuna da 'yan matan kantuna kan zo har da tsakar rana lokacin hutun cin abinci. A nan masu sauraro sun san su da suna, suna kiran waƙar da suke so, makaɗan na mayar musu da ba'a.

II. Masu gyara da abin da suka gyara

Ranar 9 ga Nuwamba 1961 Brian Epstein, wanda ke kula da kantin sayar da fayafayai na gidansu, ya sauka Cavern ya gan su, ba da jimawa ba ya zama manajansu. Shi ya tuɓe musu rigunan fata ya sa musu kwat iri ɗaya, ya hana su cin abinci da shan taba a kan dandamali, ya tsara musu jerin waƙoƙi, ya koya musu rusunawa tare in sun gama. Kamfanin Decca ya gwada su ranar 1 ga Janairu 1962 ya ƙi su. George Martin na Parlophone, reshen kamfanin EMI, shi ya karɓe su a tsakiyar shekarar, a watan Agusta kuma aka sallami Pete Best aka ɗauko Ringo Starr. Sutcliffe dama ya bar ƙungiyar tun 1961.

Masu cewa waɗannan mutum biyu ne suka yi Beatles sun wuce gona da iri. Epstein ya gyara tufafi da ladabi, watau ya buɗe ƙofar rediyo da talabijin da manyan zauruka, inda ba a yarda da halin gidan rawa ba. Martin kuwa babbar hikimarsa ita ce abin da ya bari bai taɓa ba. Al'adar lokacin ita ce a fitar da mawaƙi guda a sa sunansa gaba, sauran su zama mabiya, kamar Cliff Richard da ƙungiyar Shadows. Martin ya bar su yadda ya same su, babu jagora guda: Lennon ya ja baƙi McCartney da Harrison su yi amshi, a waƙa ta gaba a juya, wani lokaci ma muryoyi biyu su tafi tare har ba a san wanda ke gaba ba. Wannan salon jagora da amshi sun ɗauko shi ne daga ƙungiyoyin baƙaƙen Amurka irin su Shirelles da Isley Brothers, amma juya jagorancin tsakanin abokai nasu ne, kuma a Hambag da Cavern suka goge shi.

Shaidar wannan tana cikin babban faifansu na farko, Please Please Me, wanda ya fito a Maris 1963. Waƙoƙi 14 ne a ciki, takwas nasu, shida na aro, goma daga cikinsu kuma a rana guda aka ɗauke su, 11 ga Fabrairu 1963. Kusan abin da suke yi a Cavern ne aka zuba a faifai. Waƙar ƙarshe, Twist and Shout, sai da dare aka ɗauke ta, muryar Lennon ta riga ta dushe saboda mura da aikin yini, kuma wannan dushewar ita ce rabin daɗinta. Wajen kalmomi kam faifan ba shi da nauyi: soyayyar ƙuruciya ce, ni da ke, zo mu tafi, kada ki bar ni, ana maimaita abu guda. Wanda ya rubuta baitocin a takarda ya karanta su ba zai ga dalilin hayaniyar ba. Ƙarfinsu yana cikin haɗuwar muryoyi, da yadda waƙa kan karkata zuwa inda kunne bai zata ba, da zafin mutanen da suka saba kama jama'a cikin daƙiƙa kaɗan.

III. Yadda yawa ya cinye kiɗa

Daga nan tafiyar ta yi sauri. Ƙaramin faifansu na farko, Love Me Do, na Oktoba 1962, ya tsaya a matsayi na 17 cikin jerin waɗanda suka fi kasuwa a Ingila. Bayan shekara guda, a Oktoba 1963, suka fito a talabijin daga zauren Palladium na Landan, a Nuwamba kuma suka yi wasa gaban 'yan gidan sarautar Ingila. Ranar 9 ga Fabrairu 1964 mutum wajen miliyan 73 suka kalle su a shirin Ed Sullivan a Amurka, a farkon Afrilu na shekarar kuma waƙoƙinsu ne suka riƙe matsayi biyar na farko a jerin mujallar Billboard.

To, amma a dubi abin da ya sami wasan. Masu cika sa'a shida a Hambag yanzu minti talatin suke yi, waƙa goma sha ɗaya ko sha biyu, su ne dai jiya su ne yau. Ranar 15 ga Agusta 1965 suka tsaya a tsakiyar filin ƙwallo na Shea a birnin Nuyok gaban mutum 55,600. Jama'a na can nesa a bayan shinge da 'yan sanda, ihun 'yan mata ya rufe lasifika, makaɗan kansu ba sa jin juna. Starr ya faɗa daga baya cewa motsin jikin abokansa yake kallo don ya san inda aka kai cikin waƙa. Da aka zo fitar da fim ɗin wannan rana, sai da suka shiga ɗakin ɗaukar murya a Landan a Janairu 1966 suka sake wasu sassan kiɗan. Ke nan wasan da aka fi yi musu kirari da shi, shi ne wanda ba a iya saurare sai da aka yi masa faci.

A nan hukuncin jama'a ya mutu. Ihun bai bambanta waƙar da aka yi da kyau da wadda aka ɓata ba, don kuwa tun kafin a taɓa jita ake fara shi. Makaɗin da ake yabo ko ya kuskure, ba shi da sauran ma'auni. Lennon kansa ya ce a wata hira ta 1970 mafi kyawun aikinsu shi ne wanda suka yi a gidajen rawa, ba a kuwa ɗauke shi ba. A cikin maganar akwai ɗacin rabuwa, don a shekarar ne ƙungiyar ta watse, amma ba ta rasa gaskiya ba. Abin da ya rage na wancan zamani kaɗan ne, kamar ɗaukar da aka yi a gidan rawa na Star-Club a Disamba 1962 da wata ƙaramar na'ura, wadda ba ta fito kasuwa ba sai 1977, muryarta kuma a dagule.

IV. Sabon dandali

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Da dandamali ya daina koya musu kome, sai suka mai da ɗakin ɗaukar murya na titin Abbey ya zama dandalinsu, inda masu hukunci su ne su huɗu da Martin. A 1965 aka sa gogen Turawa huɗu a waƙar Yesterday, aka shigo da molon Indiya mai suna sita a Norwegian Wood, kalmomin kuma suka fara nauyi, suka taɓa kaɗaici da tuna baya da shakka. Faifan Revolver na Agusta 1966 ya ƙunshi muryoyin da aka juya zarensu baya da gaba, abin da mutum huɗu ba za su iya yi a tsaye gaban jama'a ba, ko waƙa ɗaya daga cikinsa kuwa ba su rera ba a rangadinsu na ƙarshe. Ranar 29 ga Agusta 1966, a filin Candlestick na San Faransisko, suka rufe yawon kiɗa. Faifan farko rana guda ya ci mafi yawansa, Sgt. Pepper na 1967 watanni ya ci.

Saboda haka ƙungiya biyu ce ke amsa suna ɗaya, kowace da ma'auninta. Masu raina ta farkon don raunin baitocinta sun auna kiɗan rawa da mudun rubutacciyar waƙa. Masu cewa ta biyun ta yi sanyi sun manta cewa ba don rawa aka yi ta ba, don mai zama kusa da garmaho ne ya saurara ya maimaita. Abin da ya haɗa su shi ne, dabarun ta biyun da jarin ta farkon aka saye su: sanin waƙoƙi iri-iri, da kunnen da ya saba gane inda mai sauraro zai gaji. Da jarin ya yi nisa da tushensa, sai kowa ya koma yana kawo waƙarsa shi kaɗai, haɗin muryoyin nan ya yi ta raguwa, har aka rabu.

Wannan yana da amfani ga malaman da ke koyar da waƙar baka ta Hausa, don yawancin abin da ɗalibi zai ji na Mamman Shata ko Ɗanmaraya Jos ta hanyar faifai da rediyo ya zo masa. Waƙar da aka yi a gidan biki takan miƙe ko ta taƙaita bisa ga wanda ya shigo da abin da ya bayar, ana sa suna ana cire suna. Wadda aka yi gaban na'ura kuwa an yanke mata tsawo, babu mai amsawa sai 'yan amshi. Kafin malami ya rubuta baitoci a allo ya ce ga waƙar wane, ya kyautu ya fara gaya wa ɗalibansa inda aka ɗauke ta, da shekarar, da ko su wa ke zaune a wurin.