Gwanayen da Ke Ƙulla Tafiyar Fasinja

Garaku, hedikwatar ƙaramar hukumar Kokona a jihar Nasarawa, tana bakin babban titin da ya taso daga Akwanga ya nufi Keffi. Wanda ya yi sammako daga can zuwa aiki ko fatauci a Abuja, tafiya ɗaya ce a ransa, amma a ƙasa gunduwa-gunduwa take. Ɗan acaɓa ya kai shi bakin titi, ƙaramar mota ta sauke shi a Keffi, wata ta ɗauke shi ta Uke, Auta Balefi, Masaka har Mararaba, ya tsallaka iyaka ya faɗa Nyanya, sannan ya nemi ta shiga cikin gari. Kowace gaɓa da kuɗinta, da cinikinta, da zaman jiran mota ta cika.

Kowace gaɓa kuma da mai ikonta. Titin na gwamnatin tarayya ne, kuma tun Fabrairun 2025 ake karɓar kuɗin wucewa a shingen da ke yankin Garaku. Tasha tana hannun ƙaramar hukuma da 'yan yuniyon. Abin da ya halatta a Mararaba haramun ne a tsakiyar Abuja, inda aka hana acaɓa a 2006, aka kuma hana ƙananan bas ɗin da ake kira araba shiga a 2013. Kowa yana kula da nasa yanki, babu wanda aka ɗora wa alhakin tafiyar daga farkonta zuwa ƙarshenta. Ɗaukar wannan alhaki sana'a ce mai zaman kanta, ita ce tsara sufurin babban birni da kewayensa a ƙarƙashin hukuma ɗaya, kuma masu iya ta sun cancanci a san aikinsu.

Tushen wannan ilimi yana nan a tashoshinmu. Dubi sakataren yuniyon mai riƙe da littafin layi. Ya san motar da ke lodi, da mai bi mata, da wadda ta tafi gareji. Ya san ranar kasuwar kowane ƙauye, ya san lokacin da ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi za su dawo daga hutu, ya tanadi motoci tun kafin su iso. Ɗan kamasho kuwa da ido kawai yake gane mai zuwa Lafiya da mai zuwa Abuja. Hana direbobi hamsin masu neman abinci faɗa a kan fasinja ba ƙaramin aiki ba ne. Sai dai ikon waɗannan gwanaye a ƙofar tasha yake ƙarewa. Mai tsara sufuri irin aikinsu yake yi, amma tasharsa ita ce yankin baki ɗaya.

Da ƙirga yake farawa. Kafin a sayi bas ko ɗaya, sai a tsai da ma'aikata a mahaɗar hanyoyi tun kafin alfijir, suna rubuta yawan motocin da suka wuce da yawan mutanen da ke ciki, ana kuma tambayar fasinja inda ya fito da inda ya nufa. Daga nan ake gane inda jama'a ke kwarara da safe, da yadda suke juyowa da yamma. Titin Keffi zuwa Abuja irin hanyar nan ce da ɓari ɗaya ke cushewa da safe, ɗaya ɓarin kuma bayan la'asar, saboda tun da gwamnati ta koma Abuja a Disambar 1991 tsadar haya take tura ma'aikata su kwana a ƙasar Nasarawa.

Sai lissafi, kuma a nan ne gwanin yake burge ni. A ce bas tana cin minti 120 kafin ta je ta dawo, kuma ana so fasinja kada ya jira fiye da minti 10. Bas 12 ake buƙata. Idan aka ware wa bas layinta ita kaɗai a kan titi, zuwa da dawowa suka koma minti 80, bas 8 sun isa wannan aiki. Huɗun da suka ragu sai a tura su wata hanya. Ba a sayi sabuwar mota ba, amma an ƙara yawan mutanen da ake ɗauka. Mai tsarin ya san cewa cunkoso yana cin motoci kamar yadda yake cin lokaci, don haka kafin ya nemi kuɗin sayen bas yakan nemi a ba shi fili a kan kwalta.

Daga nan sai haɗa lokuta. Babbar bas a babbar hanya, ƙananan motoci da Keke Napep su riƙa kawo mata mutane daga unguwanni da ƙauyuka. Amfanin hakan yana rataye ne a kan mahaɗa: idan motar Garaku ta iso Keffi minti biyar kafin ta Abuja ta tashi, an yi nasara, idan ta iso minti biyar bayan tashinta, an zalunci fasinja. Gwanin yakan bar ɗan rarar lokaci a jadawali saboda ruwan sama ko shingen bincike, amma ba ya barin mai yawa har mota ta zauna banza. Sanin wannan ma'auni sai wanda ya daɗe yana bin hanyar da ƙafarsa.

Mafi wuya shi ne kuɗi. Muddin abin da direba zai kai gida ya dogara ga yawan kawunan da ya ɗauka, dole ya yi tsere, ya tsaya a tsakiyar titi, ya ƙi tashi sai mota ta cika, ya ninka kuɗi idan hadari ya haɗo. Ba mugunta ba ce, tsarin ne ya tilasta masa, musamman tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. A Landan an daɗe da sauya wannan. Hukumar sufurin birnin, wadda aka kafa da sunanta na yanzu a 2000, ita ke zana hanya, ta yanke farashi, ta karɓi kuɗin fasinja. Kamfanoni masu zaman kansu ke tuƙa jajayen bas ɗin, ana biyan su gwargwadon nisan da suka yi, da ƙarin lada idan sun kiyaye lokaci. Direban da albashinsa bai dogara ga yawan fasinja ba, ba shi da dalilin yin tsere.

Birnin Hamburg na Jamus ne ya fara nuna cewa kamfanoni daban-daban za su iya cin kasuwa ɗaya da tikiti ɗaya. A 1965 masu jirgin ƙasa da masu bas suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa a kan manufa uku: jadawali ɗaya, farashi ɗaya, tikiti ɗaya. Fasinja ya biya sau ɗaya, ya sauka daga jirgi ya hau bas, kai har da jirgin ruwan fito. Bayan fage kuwa akwai masu lissafin da ke raba kuɗin a tsakanin kamfanonin bisa ƙa'idar da kowa ya sa wa hannu. Rabon da kowane mai mota zai karɓa ba tare da zargin an cuce shi ba, shi ne ainihin jarrabawar wannan sana'a, kuma gaskiya da buɗe littafi ne kaɗai ke cin ta.

Ba sai an je Turai ba. A 2002 jihar Legas ta yi dokar kafa hukumar sufuri ta LAMATA, da tallafin Bankin Duniya. A ranar 17 ga Maris 2008 ta buɗe hanyar bas mai layinta daban daga Mile 12 zuwa CMS, tsawon kilomita 22. Dabarar da ta fi jan hankali ita ce ba a kori 'yan yuniyon ba. Ƙungiyar direbobi ta NURTW ta kafa ƙungiyar gama kai, ta karɓi bashin banki ta sayi manyan bas, ta tuƙa su bisa ƙa'idar hukuma. Da ɗan gari akan ci gari. Yau katin Cowry ɗaya yana biyan bas da jirgin ruwa da jirgin ƙasa, kuma jirgin jan layi da aka ƙaddamar a 2024 yana kaiwa har Agbado da ke jihar Ogun. A Dakar ta Senegal ma hukumar CETUD, wadda aka kafa a 1997, ta tattara masu tsofaffin motoci cikin ƙungiyoyi, aka sauya musu da sababbin bas masu tikiti da hanyoyi sanannu.

Matsalar iyaka kuwa, wadda ita ce tamu, Washington ta sha ta kafin mu. Babban birnin tarayya ne ƙarami, ma'aikatansa da yawa suna kwana a jihohin Maryland da Virginia. A 1967 ɓangarorin uku suka kafa hukuma ɗaya bisa yarjejeniya, kowa da wakilansa a majalisar gudanarwa, kowa da kason da yake zubawa. A 1973 hukumar ta karɓi bas ɗin kamfanoni masu zaman kansu, a 1976 ta buɗe jirgin ƙasa. Babu wanda ya rasa ƙasarsa ko sarautarsa, aiki ɗaya kawai suka miƙa wa hannu ɗaya.

Abuja tana da kamfanin manyan bas, tana da jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a 2018. Nasarawa tana da fasinjoji, da filin gina tashoshi, da direbobin da suka san hanyar kamar tafin hannunsu. Abin da ya rage shi ne teburi ɗaya da Ma'aikatar Babban Birnin Tarayya, da gwamnatin jiha, da ƙananan hukumomin Karu, Keffi da Kokona, da shugabannin direbobi za su zauna a kai, da ikon yanke hanya, lokaci da farashi. Aikinsu na farko ba ya buƙatar biliyoyi: a ƙirga mutanen da ke bin titin, a wallafa adadin kowa ya gani. Sannan a ɗauko matasan da suka karanta tsara birane da lissafi, a haɗa su da dattawan tasha masu littafin layi, kowa ya koya wa ɗan'uwansa abin da ya sani.