Gandoki a Bakin Gadar Malanville

Tun da aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, duk mai son tsallakawa sai ya shiga kwalekwale. A zauren WhatsApp na 'yan kasuwar albasa da nake ciki, duk wanda ya tsallaka ya dawo lafiya, kafin ya gama ba da labari an laƙaba masa Gandoki. Wanda ya tafi bin bashi ya dawo hannu rabbana kuwa, cewa ake ya tafi neman ruwan Bagaja ya haɗu da Malam Zurƙe. Ana dariya, ana liƙa hoton mutum da rawani da takobi.

Yawancin masu wannan barkwanci ba su taɓa buɗe littattafan ba. A nan Faransanci ake koyarwa a lakwal, kuma da yawa daga cikinmu Dendi ne ko Zabarmawa, Hausa harshen ciniki ce. Sunayen ta kunne suka shigo, daga masu karanta littattafan yaƙi irin na Abdulaziz Sani Madakin Gini a YouTube, sauran kuma daga bakin 'yan Kano da Sakkwato masu sauke kaya.

Wani ɗan uwana da ya yi karatu a Parakou ya ce ai haka Turawa suka yi wa The Lord of the Rings na Tolkien, wanda ya fito a 1954 da 1955. Bayan finafinan Peter Jackson na 2001 zuwa 2003, aka ɗauki hoton Boromir yana gargaɗi a kan wuyar shiga Mordor, aka mai da shi abin tsokana a kan kowace ƙaramar wahala, har bin layin banki. Na yarda da kamar, amma akwai bambanci. Tolkien da gaske yake, fuska a murtuke, dariyar tana fitowa ne daga sauko da shi ƙasa. Abubakar Imam kuwa da dariyarsa ya zo. Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, rabinsa ramuwar gayya ce tsakanin Alhaji da Zurƙe, yau wannan ya damfari wancan, gobe wancan ya rama. Saboda haka mai tsokanar abokinsa da sunan Zurƙe bai ɓata wa littafin komai ba. Ni a ganina ya fi malamin da ke sa yara haddace shi don jarrabawa fahimtarsa.

Inda nake da ja shi ne Gandoki. Littafin Bello Kagara daga gasa ɗaya ya fito da na Imam, kuma a zaurenmu an mai da sunan ya zama mai cika baki kawai. Gaskiya yana cika baki. To amma a kan me? Gandoki mayaƙi ne da ya ga zuwan Turawa, ya yi yaƙi da su, aka ci ƙasarsa da bindigar da takobi ba ya iya mata. Sai bayan nan labarin ya kwashe shi da ɗansa Garba Gagare zuwa gabas, cikin aljanu da sarakunan da ake iya kayarwa da ƙarfin dantse. Nasarar da ta gagare shi a gida ita yake samu a can. Da ya dawo ya tarar da duniya ta sake, sai ya zauna yana ba yara labari. In aka cire wannan kayen, aka bar kirari da hoton takobi, an zubar da abin da ke sa mutum ya ajiye littafin ya yi shiru.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mu ne ya kamata mu fi kowa jin wannan. Dillalin da ke turo murya yana kwatanta yadda ya ratsa Kwara da buhu talatin, ya wuce 'yan duwan ko gezau, duk mun san ribarsa ta ƙare a kuɗin jirgi da na 'yan dako. Motoci sun yi layi a bakin hanyar Kandi, albasa na ruɓewa, wasu a Kwatano da Yamai suka yanke hukunci ba a tambaye shi ba. Kurin nasa na wanda aka fi ƙarfi ne, irin na Gandoki sak, kuma masu yi masa dariya sun dace da sunan ba tare da sun san dalili ba.

Na taɓa gwada faɗin haka a zauren. Na yi murya ta minti huɗu a kan Kwantagora da zuwan Turawa da yadda littafin ya ƙare. Mutum biyu suka saurara har ƙarshe. Na uku ya turo hotona an ɗora mini kan aku, ya rubuta Waziri a ƙasa, wato akun nan na Magana Jari Ce mai ɗauke hankalin ɗan sarki da labari. Da na tambaye shi ina ya san Waziri Aku, sai ya ce kakarsa ce ke kiransa haka in ya cika surutu.