Jinjina Ga Masu Kula Da Hanyar Keke Ta Burgundi

A shekarar 1997 hukumar lardin Saône-et-Loire a yankin Burgundi na Faransa ta ɗauki tsohon layin dogon da ke tsakanin Givry da Cluny, ta shimfiɗa masa kwalta, ta hana motoci da babura hawa. Ya zama na masu keke da masu tafiya a ƙasa.

Wannan dabara ta burge ni ƙwarai. Jirgin ƙasa ba ya son hawa mai tsauri, shi ya sa injiniyoyin dā suka daidaita ƙasar tun tuni. Yau kaka da jikansa suna tuƙa keke ta cikin gonakin inabi da makiyayar fararen shanu, babu haki, babu fargabar mota. Wasu tsofaffin tashoshin ma sun koma wuraren hayar keke.

Kudu da Cluny hanyar ta ci gaba, ta bi ta cikin ramin Bois Clair, kilomita 1.6 a cikin dutse, mai sanyi ko da ana tsananin zafi a waje. Da hunturu ya gabato sai a rufe shi domin jemagun da ke fakewa a ciki, matafiya su zagaya ta kan tudu.

Ma'aikatan da ke yanke ciyawar gefen hanya, suna cike ramuka, suna gyara alluna, sannunku da aiki, Allah ya saka.