Fim Ɗin Suffragette: Abin da Ya Nuna da Abin da Ya Tsallake

A shekarar 1912 macen Ingila ba ta da ikon jefa ƙuri'a a zaɓen majalisar dokoki. A wannan shekara ce fim ɗin Suffragette ya ɗauko labarinsa. Sarah Gavron ce ta shirya shi, ya fito a 2015.

Jarumarsa, Maud Watts, ƙirƙirarriya ce. Tana wanki da guga a wani gidan wanki na gabashin Landan tun tana yarinya. Albashinta bai kai na maza ba, shugaban wurin kuma yana lalata da 'yan matan da ke ƙarƙashinsa ba mai tsawata masa. Sannu a hankali ta shiga ƙungiyar da Emmeline Pankhurst ta kafa a 1903, wadda matanta ke fasa gilasan kantuna suna cinna wa akwatunan wasiƙa wuta.

Ƙarfin fim ɗin yana wuri guda. Da 'yan sanda suka kama Maud karo na biyu, sai mijinta ya kore ta daga gida. Daga baya ya ba waɗansu baƙi ɗansu, tana tsaye tana kuka, ba ta da abin yi, gama dokar lokacin ta ba uba iko a kan ɗa, ta hana uwa. A nan mai kallo zai gane cewa ƙuri'a ba takarda ce kawai ba. Wanda ba shi da hannu a zaɓen masu yin doka, dokar za ta iya shiga har ɗakinsa ta ɗauke ɗansa. Haka nan wurin da aka danne Maud ana yi mata ɗura ta hanci domin ta ƙi cin abinci. Wannan ya faru da mata da yawa tun daga 1909, fim ɗin kuwa bai yi masa ado ba.

Amma akwai gyara. Fim ɗin ya rufe da mutuwar Emily Davison, wadda dokin Sarki George na Biyar ya banke a filin sukuwa na Epsom a watan Yuni 1913. Wanda bai san tarihi ba zai ɗauka jininta ne ya buɗe ƙofa. Ba haka abin ya tafi ba. Sai da aka yi shekara biyar da yaƙin duniya a tsakani kafin dokar 1918, ita ma mata masu shekara 30 da suka cika sharaɗin gida ko dukiya kaɗai ta ɗauka. 'Yan mata masu wanki da yawa sai a 1928 suka samu.

Babban giɓin shi ne Millicent Fawcett. Ƙungiyarta, wadda aka kafa a 1897, ta fi ta Pankhurst yawan mutane nesa ba kusa ba. Ba ta fasa gilashi ba. Taro, takardun koke da lallashin 'yan majalisa ne aikinta, kuma a 1913 ɗin nan matanta suka tako da ƙafa daga sassan ƙasar zuwa Landan. Haƙuri ba ya kyan kallo a majigi, shi ya sa aka tsallake su. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A ƙarshe an jera sunayen ƙasashe da shekarun da matansu suka sami ƙuri'a. Irin wannan jeri yana ɓoye abu. Ana cewa Faransa 1944, alhali matan Nijar, da ke ƙarƙashin mulkinta a lokacin, sai da dokar 1956 ƙuri'a ta kai ga dukansu.

Fim ɗin ya cancanci kallo, musamman ga maza. Sai dai wanda ya kalle shi ya sani rabin labarin ya gani.