Muryar Mai Sharhi a Finafinan Jean Rouch Biyu

Duk wanda ya kalli majigi a ƙauyukan Arewa zamanin Turawa ya san cewa hoton bango ba ya magana da kansa. Mai sharhin da ke tsaye da lasifika shi ke faɗa wa jama'a abin da za su gani. Wannan matsala, watau wa zai yi magana a kan hoto, ita ce Jean Rouch, Bafaranshen da ya daɗe yana aiki a Nijar, ya yi fama da ita, kuma finafinansa biyu da ya ɗauka a Gwalkwas a 1954 sun isa misali.

A Les Maîtres fous an nuna 'yan Hauka, baƙi daga Nijar, suna hawan iskoki a bayan garin Ankara, iskokin kuwa masu kwaikwayon gwamna da sojojin mulkin mallaka. Rouch ne kaɗai ke magana daga farko har ƙarshe. Shi ke fassara kumfar baki, shi ke fassara yanka kare, har ya kai ga cewa wannan ibada magani ce ga ƙuncin zaman birni. Bayanin na da ƙarfi, amma masu ibadar ba su ce uffan ba. Ba abin mamaki ba ne da ɗaliban Afirka da suka ga fim ɗin a Paris suka fusata, hukumar Ingila kuma ta hana nuna shi a Gwalkwas.

Jaguar, wanda bai fito ba sai 1967, ya bi wata hanya. Kyamarar Rouch a lokacin ba ta ɗaukar sauti tare da hoto, saboda haka bayan an dawo sai aka zaunar da Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia gaban hotunan tafiyarsu, suna kallo suna hira. Suna ba'a, suna gardama, suna yabon kansu, kamar masu ba da labari a dandali. Da suka iso ga Sombawa masu tafiya tsirara a arewacin Dahomey, su ne suka zama masu nazarin baƙuwar al'ada, aikin da aka saba barin wa Bature. Nan ne fim ɗin ya fi armashi, domin mai kallo yana jin mamakin ɗan Nijar, ba hukuncin masani ba.

Sai dai bai kamata a wuce gona da iri wajen yabo ba. Hirar da Faransanci aka yi ta, ba da Zabarmanci ko Hausa ba, kuma almakashin tace fim yana hannun Rouch. Oumarou Ganda, wanda ya yi irin wannan sharhi a Moi, un noir (1958), bai tsaya nan ba: ya riƙi kyamara da kansa, fim ɗinsa Le Wazzou polygame kuma ya ci babbar lambar FESPACO a Wagadugu a 1972.